Idan Baba Ya Ce Lafiya Lau

Ka kira gida daga Legas, ko Agadas, ko bakin ramin zinariya a Jado. Aka ruga da salula aka kai wa tsoho har kan buzunsa. Ka ce, "Baba, ina wuni? Yaya ƙarfin jiki?" Ya ce, "Lafiya lau, alhamdu lillahi. Yaya baƙunta? Ka riƙe salla." Kafin minti biyu ya miƙa wa ƙanenka wayar, wai kada kuɗinka su ƙare. Kai kuma ka sa ta aljihu da sanyin rai, ka ce wa abokan ɗakinka mutanen gida kowa lafiya.

Ƙanena, ba ƙarya ya yi maka ba, amma kuma bai ba ka labari ba. Gaisuwa ya amsa. Da wannan "lafiya lau" ya tashi, da ita ya amsa wa masu ta'aziyya ranar da ya binne ɗansa, da ita ya amsa a shekarar da aka leƙa rumbu ba ko zangarniya. Mutumin da yake da shekara 70 yau a ƙasar Magarya ko Dungas yana saurayi aka yi farin 1973 da 1974. Yana magidanci mai ƙananan ƴaƴa aka yi yunwar 1984 da 1985, wadda mutanenmu suka laƙaba wa suna El-Buhari, don ta zo daidai da rufe iyakar Nijeriya, hanyar hatsi da hanyar ci-rani suka toshe lokaci guda. Ya kuma ga yunwar 2005. Wanda ya ratso waɗannan shekaru ba zai ɗauki ciwon baya ko yawan fitsari a matsayin abin da za a faɗa wa yaro a waya ba. An koya masa namiji ba ya raki, ya kuwa riƙe karatun da kyau.

Saboda haka nauyin gano ciwonsa ya dawo wuyanku, ku ƴaƴansa maza da mata. Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. Labarin jikin tsoho kuwa sai a tambayi butarsa, da akushinsa, da inda yake tsayawa a sahun salla.

Kada ka ce ai akwai likita, ita za ta gano. Likitarmu idonta yana kan yara da mata masu ciki, kuma da gaskiyarta. Kusan rabin mutanen Nijar ba su kai shekara 15 ba. Ƙidayar 2012 ta samu mutum fiye da dubu 570 a Magarya, da fiye da dubu 350 a Dungas, wadda aka yanke daga jikin Magarya a 2011. Duk wanda ya taɓa shiga asibitin Magarya tsakanin Agusta da Oktoba ya ga yadda zazzaɓin sauro da tamowa ke cika gadaje da ƙananan yara, kuma tun 2005 ƙungiyar MSF take aiki a can saboda su. Tun 2006, zamanin Tandja Mamadu, aka ce a duba yaro ɗan ƙasa da shekara 5 kyauta. Ana bi gida-gida da ɗigon shan-inna, ana auna damtsen yara, ana raba maganin rigakafin zazzaɓi da damina. Duk alheri ne. Amma ba wanda zai yi sallama a ƙofar gidanku ya ce ya zo auna tsoho. Waɗanda suka haura 60 ba su kai mutum 5 cikin 100 ba, kuma ba masu hayaniya ba ne. In ɗansa bai kai shi ba, in ƴarsa ba ta matsa ba, likita ba za ta gan shi ba sai ranar da aka kwantar da shi a amalanke.

Haka aka kai mahaifina, Allah ya jiƙansa da rahama.

Ni ɗan fari ne. Bai taɓa kiran sunana ba, ban taɓa zama tabarma ɗaya da shi ba, in muna magana idona yana ƙasa. Gida ɗaya muke, amma abin da na gani ban karanta shi ba. Mutum ne da shekara da shekaru yake tsayawa bayan liman, sai ya koma ƙarshen sahu, kusa da ƙofa, ana sallamewa ya fice. Mutum ne da Alhamis ba ta wuce shi bai leƙa kasuwar Maigatari ba, ko ba shi da abin sayarwa, sai ya daina, ya ce hanya ta yi masa nisa. Ya bar sa fararen kaya. Daga la'asar ba ya ƙara taɓa ruwa, ko furar dare sai ya ture. Inna ta sani, don ita take cika masa buta da dare ta tarar da ita wayam kafin asuba, ita kuma take wanke wandunansa. Amma yaya za ta buɗe baki ta gaya wa ɗanta na fari irin wannan magana? Shi kuwa ya ɗauka sanyi ne, yana sayen ƙwayoyi a hannun wani mai talla da ke zagayowa da tire ranar kasuwa.

Wani dare cikin hunturu, bayan ya sha maganin mura, fitsari ya tsaya cak. Nishinsa ya tashe mu. Na tarar da shi durƙushe a bayan ɗaki ya rungume dirkar rumfa, gumi na zuba duk da sanyin nan, mararsa ta taso ta yi tauri kamar an kifa ƙwarya. Muka ɗaura shanu. Duk ramin da ƙafar amalanke ta faɗa sai ya damƙe hannuna, mutumin da rabonsa da riƙe hannuna tun ina yaro. Da muka isa likita, majo, wato babban ma'aikacin jinya, ya sa masa roba, fitsari ya zubo ya kusa cika ƙaramin bokiti, na ga fuskarsa ta saki kamar wanda aka sauke wa buhu. Majo ya ce, "Baba, tun yaushe abin nan yake damunka?" Ya juya fuska wajen bango, don ina tsaye, ya ce, "Ya kai shekara uku."

Shekara uku, ina kwana ina tashi a gidan.

Abin da ya same shi ba baƙon abu ba ne, ba kuma abin kunya ba. A ƙarƙashin mafitsarar kowane namiji akwai wata ƴar tsoka da girmanta bai wuce goro ba, likitoci suna ce mata furostat, hanyar fitsari ta tsakiyarta ta ratsa. Da namiji ya haura 50 sai ta soma girma, kamar yadda furfura ke zuwa ba a gayyace ta ba. Wajen rabin maza masu shekara 60 suna da wannan kumburi, a cikin masu 80 kuwa wanda ba shi da shi ne kaɗan. Tana girma tana matse hanya: fitsari ya rasa ƙarfi, sai an yi yunƙuri, a gama a ji ba a gama ba, ɗigo ya biyo baya ya ɓata alwala, dare ɗaya a tashi sau huɗu sau biyar. In aka bar shi, fitsarin da ke taruwa yana komawa sama ya lalata ƙoda. Wasu magungunan mura, da tramol, suna iya ƙarasa rufe hanyar a dare ɗaya. Akwai ƙwayar da ke sassauta matsin, akwai aikin tiyata in ƙwaya ta kasa. Wani lokaci kuma ba kumburin tsufa ba ne, daji ne, shi ya sa likita yake dubawa da hannu ya kuma aika a auna jini. Jini a fitsari ma kada a raina shi. Mu da muka yi wanka a tafki muna yara mun saba da tsargiya har muna ganin ba komai ba ce, amma jini a fitsarin dattijo magana ce ta asibiti, ko sau ɗaya aka gani. Haka gwaiwa: muddin tana fita tana komawa, a shirya aikinta a natse, ranar da ta fito ta ƙi komawa, ga ciwo ga amai, a ranar za a tafi, ba a jiran gari ya waye.

To, yaya za ka yi da kunya? Ba na ce ka yar da ita ba. Kunyar nan ita ce ta riƙe gidajenmu, kuma tsohon da ɗansa ya titsiye shi da tambayar fitsari a gaban mutane zai gwammace ciwon. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, gaskiya ne, amma ba kowa ake kira wurin wankan ba. Al'adar da ta rufe maka ƙofa ta bar wasu ƙofofin a buɗe. Jika yana iya gaya wa kakansa abin da kai ba za ka iya ba, cikin wasa ya ce, "Tsoho, wai me kake nema a bayan ɗaki kowane dare?" ya kuma samu amsa. Akwai amininsa da suka yi ƙuruciya tare. Akwai baffanka, akwai wanzamin da ke yi masa aski, akwai liman. Ke kuma ƴarsa, ki zauna da Inna a madafa ki tambaye ta, ta daɗe tana jiran wanda zai tambaya. In an shawo kansa, a haɗa shi da sa'ansa su tafi tare, don tsoho ya fi yarda da awo in ba shi kaɗai aka ware ba. In kun shiga wurin majo, ka gaishe shi, ka faɗi abin da ka lura da shi a taƙaice, sa'an nan ka fita ka ja musu ƙofa. Da na fita a daren nan, da mahaifina bai juya fuska bango ba.

Ciwon fitsari aƙalla yana da alama. Tansiyo, wato hawan jini, ba ta da ita. Mutum yana noma, yana cin tuwonsa, yana raha a majalisa, jini kuwa yana dukan jijiyoyinsa dare da rana kamar ruwan da ya fi ƙarfin tiyo. Binciken da ma'aikatar lafiya ta Nijar ta yi tare da Hukumar Lafiya ta Duniya a 2021 ya samu fiye da mutum 1 cikin 4 na manya da hawan jini, kuma hukumar ta ce a duniya kusan rabin masu shi ba su san suna da shi ba. Mu sai ranar da aka tsinci dattijo a makewayi baki ya karkace, hannu ya saki, harshe ya yi nauyi, sai a ce iska ta buge shi, a kawo hayaƙi da rubutu, a kwana uku ana jiran sauƙi. Addu'a ba ta taɓa zama laifi ba, a yi ta a kan hanya. Jijiya ce ta toshe ko ta fashe a ƙwaƙwalwa, kuma kowace sa'a da aka ɓata wani yanki ne yake mutuwa. Kada a ɗura masa ruwa ko kunu a wannan hali, maƙogwaronsa ba ya haɗiya daidai, abin zai iya wucewa huhu.

Awon tansiyo bai kai minti biyar ba. In majo ya ce ta kai 14 bisa 9 ko ta wuce, aka sake aunawa wata rana aka samu haka, to magani ya kama. A nan ne yawancinmu muke faɗuwa. Tsoho ya sha ƙwaya wata guda, ya ji garau, ya ce ya warke, ɗansa ma ya ji daɗin an huta da saye. Maganin tansiyo ba irin na zazzaɓi ba ne da ake sha kwana uku a gama. Danne ta yake yi, ranar da aka daina ta taso. Sai an samu mutum ɗaya a gida, da sunansa, wanda aikinsa ne ya san ƙwaya nawa ta rage, ya ajiye takardar magani, ya tuna ranar komawa. Aikin da aka bar wa kowa ba mai yin sa. Ita kuma mai girki ta sassauta hannu: gishirin da jiki ke buƙata a yini bai kai gram 5 ba, wato ƙaramin cokalin shayi bai cika ba, mu kuwa ga gishiri, ga dunƙule biyu uku, ga kanwa a tukunya, ga wata kanwar a cikin taba gari da yake dasawa a leɓe. Daddawa da albasa da tafarnuwa da citta suna ɗaga miya ba sai an cika gishiri ba. Shayi ma a rage masa sukari. In ka ga yana yawan ƙishirwa da fitsari, yana ramewa alhali yana ci, ko ƙaya ta soke shi a gona gyambon ya ƙi warkewa, a auna suga, ɗigon jini ɗaya ne daga yatsa.

Ina roƙonku ku leƙa aljihun rigarsa da ƙarƙashin matashinsa. Za ku tarar da ƙwayoyi ja da rawaya a ƙulle cikin leda, ba suna ba kwali, waɗanda rana ta gasa a kan tire. Yawancinsu na ciwon gaɓoɓi ne, irin su diklofenak. Suna kashe ciwon gwiwa ya samu ya yi noma, amma shan su kullum yana ƙwaƙule ciki har ya yi jini, yana ƙara tansiyo, yana cin ƙoda a ɓoye. Akwai kuma abin da ba a faɗa, maganin ƙarfin maza, na kwalba da na gari, wanda sau da yawa an cusa masa ƙwayar bature ba a san adadinta ba. Ga mai ciwon zuciya wannan kasada ce da rai. Ba kai za ka yi masa wannan magana ba, amininsa ko majo za su yi. Kai dai ka tabbata maganar ta isa kunnensu.

Sai bazara, musamman in ta haɗu da azumi. Jikin tsoho ba ya jin ƙishirwa da wuri kamar naka, ruwa yana ƙarewa a jikinsa bai sani ba, balle wanda da ma yake gudun ruwa saboda fitsari. A farkon Afrilun 2024, cikin goman ƙarshe na Ramadan, zafi ya kai digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali, asibitin Gabriel Touré na Bamako ya ƙirga mamata 102 cikin kwana huɗu, da yawansu sun haura 60. Zafin Dogo-Dogo da Malawa a wannan wata ba wasa ba ne shi ma, ga kwanon rufi ya maye gurbin ciyawa a ɗakuna da yawa. Tsohon da tun balagarsa bai taɓa shan azumi ba yana ganin ajiye shi kamar faɗuwa ce a gaban Ubangijinsa. Kai ba za ka iya ba shi fatawa ba, ba zai karɓa daga bakinka ba. Ka je wurin malamin da yake girmamawa. Risalar Ibn Abi Zaid da ake karantawa a zaurukanmu ta yi bayani cewa tsohon da azumi ya gagara yana da sauƙin ya sha, an kuma so ya ciyar da mudu a madadin kowace rana. In malam ya zo da kansa ya zauna ya karanta masa, sa'an nan kai ka auno hatsin ciyarwar, zai karɓa da kwanciyar rai.

Ido kuwa, nan ne muka fi yin asarar da ba ta zama dole ba. Ina da kawu, mahaddaci, mai son shayi. Wata rana na ga yana tsiyaya shayi rabi a kofi rabi a ƙasa, ya yi saurin shafe wurin da tafin hannu. Daga baya na lura in mutum ya doso ba ya ambatar sunansa sai ya ji murya. Ya naɗe Alƙur'aninsa ya rataye gafaka, ya ce hadda ta ishe shi. Kuɗi sai ya miƙa wa jika ya ƙirga. Kowa ya ce tsufa ne, shi ma ya ce tsufa ne. Yanar ido ce. Ƙwayar da ke cikin ido ce take yin hazo da shekaru, kamar gilashin fitila da hayaƙi ya rufe. Aikinta bai kai rabin sa'a ba, ba a sa mutum barci, ido kaɗai ake kashewa, a cire mai hazon a sa ta roba, washegari a buɗe. Ana yi a babban asibitin Damagaram, kimanin kilomita 90 daga Magarya, ana yi a Kano inda asibitin ido na ECWA yake aiki tun 1943, lokaci-lokaci kuma a yi shelar aikin kyauta a rediyo. Ranar da aka cire wa kawu bandeji, abin da ya fara yi shi ne ya ɗaga tafin hannunsa ya daɗe yana kallo, sa'an nan ya ce a sauko masa da gafaka.

Abin da nake gargaɗinku da shi shi ne masu yawo ƙauye-ƙauye da tsinke suna tura yanar cikin ido. A ranar mutum yana ganin haske ya yi murna, mai tsinke ya karɓi akuya ya wuce gari na gaba. Binciken makanta da aka yi a faɗin Nijeriya daga 2005 zuwa 2007 ya samu cewa cikin idanun da aka yi wa wannan aiki kusan 3 cikin 4 ba sa gani. Akwai kuma hawan jinin ido, wanda ke cinye gani daga gefe ba ciwo, abin da ya ci kuma ba ya dawowa, sai dai a tsare sauran da ɗigo in an gano da wuri. Akwai amodari, da ke juya gashin ido ciki yana kartar ƙwaya, tsoho yana yawo da matsefata yana cirewa, alhali ƙaramin aiki ne a fatar ido. Wani kuma ba abin da ya raba shi da karatu sai rashin tabarau na jika ɗaya ko biyu.

Ku duba akushi idan an fito da shi. Wanda haƙoransa suka zube ba zai ce nama ya gagare shi ba, cewa zai yi ya ƙoshi, ya tura wa jikoki. Kunu da fura kaɗai ba sa riƙe tsoka, in tsoka ta zube kuma faɗuwa ta matso, karayar ƙugu ga tsoho sau da yawa ita ce kwanciyar ƙarshe. Abin da yake buƙata yana cikin gida: wake da ya dahu luguf, nono, ƙwai, dakakken ƙuli a kunu, riɗi, zogale, kifi in an samu. A sa masa cocila kusa da kai, a share hanyar makewayi, a kafa masa abin dafawa a bakin salga don gwiwa ba ta ɗaga shi kamar da. Sange kuma, an raba an ba mata da yara, shi yana kwance a zaure sauro na cinsa. Tarin da ya wuce sati biyu a kai majina awo, in tarin fuka ne maganinsa kyauta ne, wata shida, kuma jikokin da ke kwana kusa da shi su ne farkon kamuwa.

Na san abin da ke ranka: kuɗi. Ban manta ba. Naira ta faɗi, wanda yake aikowa daga Kano ko Legas abin da ke isa gida ya ragu, an rufe iyaka a 2019, an sake rufewa a 2023. A 2024 hukuma ta rage kuɗin ganin likita da na awo da rabi a asibitocin gwamnati, amma mota da magani da abincin mai jinya suna nan. Duk da haka ka lissafa: ƙwayar tansiyo ta wata guda, da jinyar mutumin da ɓarin jikinsa ya shanye shekara biyar ana juya shi ana wanke shi, wanne ya fi tsada? Ku haɗu ku ƴaƴansa ku ware tunkiya ko akuya ɗaya, kowa ya san ta magani ce, ba ta suna ba, ba ta biki ba. In za ka aiko da kuɗin asibiti ta Nita ko Amana, kada ka aika hannunsa. Ba don zai ɓata ba. Zai auno gero, ya biya wa ƙanenka kuɗin makaranta, ya kai gudummawar maƙwabci, ya ce jikin ai da sauƙi. Da yawan tsofaffinmu a shekara 70 suna da ƴaƴan da ba su kai goma ba, har yanzu su ne masu cika rumbu. Ka aika wa wanda zai riƙe hannunsa ya kai shi.

Akwai wani ciwon da majo ba ya aunawa. Ka tsaya a kan hanyar Bande ko Waca da rani ka dubi gonaki, gawo ne iyakar ganinka, kore shar lokacin da komai ya bushe. Ba da kansu suka tsaya ba. Ana ba da labarin yadda Sarkin Damagaram Tanimu ya tsananta hukunci a kan mai sare gawo tun ƙarni na 19, amma fari da gatari sun zo daga baya sun share ƙasa. Bayan yunwar 1984 ne manoma suka riƙa barin tsiron da ya fito a gona lokacin sassabe, suna rage masa rassa, suna kare shi daga dabba. Da masana irin su Mahamane Larwanou da Chris Reij suka zagaya a 2006, sun kiyasta wajen hekta miliyan ɗaya da ta sake yin itace a ƙasashen Magarya da Matamai da Mirya, har duniya ta riƙa zuwa kallo. Gawo yana zubar da ganye da damina ya bar wa gero rana, ya ba ƙasa taki, ya ba dabba abinci da rani. Waɗanda suka yi wannan aiki da hannunsu, ba da kuɗin kowa ba, su ne tsofaffin da ke zaune a ƙofar gidajenku yau.

Irin wannan mutum ne za a wayi gari an sayar da sa ba a tambaye shi ba, an sa ranar auren jikarsa ya ji a bakin mata, an raba gandu kowa ya ja nasa, an karɓe masa hauya an ce, "Baba, ka huta." Da kyakkyawar niyya ake faɗa, amma abin da yake ji shi ne an gama da shi. Sa'o'insa suna ta tafiya ɗaya bayan ɗaya, majalisar da take cika tabarma uku ta koma mutum biyu. In kunne ya yi nauyi sai a daina sa shi cikin hira, don maimaitawa na da wuya. In matarsa ta riga shi, ba mai sanin yadda yake son kununsa. Sai ka ga ya rage magana, ya rage ci, barci ya ƙaurace, a ce halin tsufa ne. Baƙin ciki ne, kuma yana kayar da mutum kamar yadda tansiyo ke kayarwa. Wanda kuma gigin tsufa ya kama, yana tambayar abu ɗaya sau goma, yana kiran matattu, ciwo ne a ƙwaƙwalwa. Ba maita ba ce, ba alhaki ba ne, kada a bar yara su yi masa dariya, kada a kulle shi.

Ku rage masa nauyi, amma kada ku raba shi da aiki. Tafiya masallaci da ƙafa, zagaya gona da safe, ba dabbobi harawa, tufkar igiya, su ne ke riƙe masa gwiwa da zuciya. Bayan an yi wa mahaifina aiki ya ƙara shekara shida. Bai sake riƙe hauya ba, amma kowane sassabe shi ne a gaba da sandarsa, mu muna biye da gatari, yana nuna tsiro yana cewa, "Wannan a bar shi. Wannan a rage masa biyu." Ya koma bayan liman. Ya koma sa fararen kaya.

Ranar Juma'a in ka sake kira, bayan ya ce lafiya lau, kada ka bari ya miƙa wayar. Ka ce, "Baba, shawara nake nema. Gonar fadama ko ta tudu, wacce za a fara shukawa bana?" Ka yi shiru ka saurara, ko da kuɗin za su ƙare. Sa'an nan ka sake sa wasu, ka ce a ba ka Inna, ka tambaye ta sau nawa take cika buta.